Hannun Aro

Shekara arba'in da ɗaya ina cin girkin Gülten,
ban san inda gishiri yake kwana ba.
Sai ranar da ta zame a matakalar jirgin ruwan Karşıyaka,
hannun dama ya karye, likita ya rataye shi a wuya,
ya ce mako shida.
Mako shida!
Na dubi madafa, madafa ta dube ni.

Ta sa na jawo mata kujera bakin ƙofa,
ta harɗe kamar mai tsaron jarrabawa.
"Nevzat, wanke hannu.
Yanka komai tukuna, ka jera a faranti, sannan ashana.
Wuta ba ta jiran mai neman wuƙa."

Albasa ce ta fara yi mini maraba.
Ni da na shekara talatin ina yanka wa Izmir tikiti,
ban taɓa hawaye a bakin aiki ba.
"Lanƙwashe yatsu kamar dagin kyanwa.
Wasa wuƙar kuma.
Dakusasshiya ce ke cin yatsa,
mai kaifi aikin gabanta take yi."

Na tsiyaya man zaitun a kasko mai sanyi, ta ja tsaki.
Na ƙure wuta don in huce,
tafarnuwa ta koma gawayi,
hayaƙi ya bi taga har Şükran ta saman bene
ta leƙo tana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana.
"Zubar," in ji Gülten.
"Tafarnuwar da ta ƙone ba ta tuba.
Albasa ce gaba, sai ta yi laushi kana hango kasko ta cikinta.
Tafarnuwa a baya. Ƙirga ashirin, shi ke nan."

Rana ta huɗu, shinkafa.
Wanke har ruwan ya daina fari,
kofi ɗaya, ruwa ɗaya da rabi,
rage wuta, rufe.
"Kada ka buɗe."
Na buɗe.
"Me ka ajiye a ciki, kuɗin fanshonka?"
Muka ci ta ƙaras-ƙaras a haƙori,
tana taunawa tana kallona, ina kallon teku.

Gishiri, ta ce, ɗan'uwan magana ne:
kaɗan-kaɗan, ka ɗanɗana, ka ƙara,
wanda ya fita hannu ba ya dawowa.
Na ce, "Ashe kin sani?"
Ta jefo tsumma da hagu,
kuma ta same ni.

Miyar adas ta yi lami ranar Talata,
na miƙa hannu ga gishiri, ta girgiza kai.
"Ba kowane shiru ne yunwa ba.
Matsa mata lemun tsami, ka ji yadda za ta farka."
Ta farka kuwa.

A mako na biyar barci ya sace ta a kujera.
Ban tashe ta ba.
Na tsaya ni da kasko, muna sauraren juna:
mai ya yi raɗa, na san ya shirya,
tattasai ya rusuna, tumatir ya saki ruwansa ya shanye,
na fasa ƙwai uku, na juya sau biyu,
na sauke tun yana sheƙi,
don ta ce kasko ba ya daina aiki ranar da aka sallame shi.
Kamar ni ke nan.

Ƙamshi ya tashe ta.
Ta gutsuri burodi, ta dangwala,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Barkono ya yi yawa."
Amma ta suɗe farantin har ban ga abin wankewa ba.

Yanzu an kwance hannu, ta karɓe mulkinta,
sai safiyar Lahadi da ta bar mini aro.
Na kuma gano makwancin gishiri:
bayan gwangwanin shayi,
cikin kwalbar da aka rubuta wa sukari.